Awon Ƙasa da Hoto: Tarihinsa da Matsayinsa a Ƙasashen Ƙanƙara, Faskari da Sabuwa



Maƙasudin wannan lacca shi ne a bi diddigin wani fanni na ilmi wanda a yau ya shigo aljihun kowa ta hanyar wayar hannu, wato fannin haɗa hotuna masu yawa na wuri guda, a fitar da siffar wurin mai tsawo da faɗi da zurfi, wadda mutum zai iya kewayawa yana dubanta ta kowace fuska a fuskar kwamfuta. Za mu duba asalin wannan ilmi, da yadda ya fara shigowa ƙasarmu ta jirgin sama, da yadda ya koma aikin manhaja. Daga nan sai mu tambayi kanmu abin da ya shafe mu kai tsaye: mene ne amfaninsa ga kudu maso yammacin Jihar Katsina, musamman ƙasashen Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa, inda alamomin tarihi ke salwanta kowace damina?

1. Asalin hikimar

Tushen wannan ilmi yana cikin halittar ɗan Adam kansa. Kowa a cikin wannan zaure yana iya miƙa hannu ya ɗaga yatsa, ya rufe idon dama ya duba, sa'an nan ya rufe na hagu ya duba. Zai ga kamar yatsan ya yi tsalle, alhali bangon da ke nesa bai motsa ba. Dalili shi ne kowane ido daga wurinsa yake kallo, kuma gwargwadon kusancin abu gwargwadon bambancin da ke tsakanin abin da idanun biyu suka gani. Da wannan bambanci ƙwaƙwalwa ke auna nisa. Malamin nan na Basra, Alhasan ibn al-Haisam, wanda ya rasu a Alƙahira wajen shekarar 1040, ya tattauna yadda idanu biyu ke haɗuwa su ga abu ɗaya a cikin littafinsa Kitabul Manazir, kuma ya bayyana yadda haske ke shiga ta ƙaramar kafa ya zana surar waje a bangon ɗaki mai duhu. A kan wannan ƙa'ida aka gina kyamara.

A 1838 wani Bature ɗan Ingila, Charles Wheatstone, ya nuna wata na'ura wadda idan aka sa mata zane biyu masu ɗan bambanci, kowane ido ya kalli nasa, sai mai kallo ya ga abin ya taso yana da kauri. Bayan shekara ɗaya aka bayyana fasahar ɗaukar hoto a Faransa. Ba a daɗe ba wani hafsan sojan Faransa, Aimé Laussedat, ya fara gwada zana taswira daga hotunan da aka ɗauka a wurare biyu waɗanda aka san nisan da ke tsakaninsu. Lissafin kuwa shi ne wanda masu safiyo suka saba da shi: in ka san tsawon gefe ɗaya na alwatika da kusurwowi biyu, to sauran gefunan sun fito.

Wanda ya fara amfani da wannan dabara don adana gine-ginen tarihi shi ne Albrecht Meydenbauer, wani maginin Jamus. A 1858 yana auna babbar majami'ar garin Wetzlar da hannu, sai ya kusa faɗowa daga sama, daga nan ya ƙudurta neman hanyar auna gini ba tare da an hau shi ba. A 1885 gwamnati ta kafa masa ofishi a Berlin, wanda ya tara hotunan awo kimanin 20,000. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, sa'ad da aka tashi gyara waɗansu gine-ginen da bom ya rusa, waɗannan hotuna aka koma wa.

2. Daga taki zuwa jirgin sama

A nan ƙasar Hausa, awon ƙasa bai jira hoto ba. Magina suna da kamu da taƙi da gaba, manoma kuma sun san iyakar gona da gamba ko bishiya ko kunya. Bayan Turawa sun ci Katsina a 1903, bukatar haraji ta sa aka shigo da tsarin auna gonaki da ƙafa, wanda ya haifar da malaman taki. Taswirar farko ta yankunan karkara kuwa jami'an rangadi ne suka zana ta da kamfas da ƙidayar tafiya, suna rubuta sunan gari yadda kunnensu ya ji. Saboda haka abin da ke bakin hanya ya shiga taswira, abin da ke bayan dutse ko cikin daji ya zama fili fari.

Abin ya canja bayan 1946, shekarar da gwamnatin Ingila ta kafa hukumar safiyon ƙasashen da take mulka, a ƙarƙashin Birgediya Martin Hotine. Hanyar aikinta ita ce jirgi ya bi layi miƙaƙƙe yana ɗaukar hoton ƙasa, kowane hoto ya maimaita kimanin kashi 60 cikin 100 na wanda ya gabace shi. Wannan maimaici shi ne sirrin aikin, domin kowane dutse da kowane rafi ya fito a hoto biyu daga wurare biyu, tamkar an ba mutum idanu biyu waɗanda ke da tazarar kilomita ko fiye a tsakaninsu. Idan ma'aikaci ya ɗora hotunan a ƙarƙashin madubin kallo mai ido biyu, sai ya ga duwatsu sun taso, kwaruruka sun nutsa, ya bi su da alƙalamin na'ura yana fitar da layukan tudu da gangare. Ma'aikatan ƙasa kuma su ne ke hawa duwatsu suna kafa turakun siminti, domin a ɗaure hotunan da ma'aunin ƙasa wanda aka ɗauko asalinsa daga Minna.

Ta wannan hanya aka samar da taswirorin nan masu ma'aunin 1:50,000, inda santimita biyu a takarda ke daidai da kilomita ɗaya a ƙasa. Takardar Funtuwa mai lamba 78 da maƙwabtanta su ne suka ƙunshi wannan yanki namu, kuma su ne masu ilmin ma'adinai da injiniyoyin hanya da na dam suka yi shekaru suna dogara da su. A 1972 aka buɗe cibiyar koyar da safiyo ta sama a Ile-Ife domin ƙasashen Afirka, wanda ya nuna cewa fannin ya fara zama namu.

Masu tarihi ma sun ci moriya. Ganuwar da ta zube ta zama ɗan tudu, wadda mai tafiya a ƙasa zai tsallake bai sani ba, daga sama takan fito zobe sosai, domin ciyawar da ke kan tsohon gwalalo ta fi ta gefe duhu. A shekarun 1970 masu binciken kufai na Jami'ar Ahmadu Bello, irin su J. E. G. Sutton, sun yi nazarin ganuwar Zariya da Kufena, kuma hotunan sama suna cikin muhimman kayan irin wannan aiki. Amma ina hotunan ainihi suke? Babban rumbun waccan hukuma, mai hoto fiye da miliyan ɗaya da rabi na ƙasashe daban-daban, an mayar da shi birnin Edinbara na Sikotilan a 2012. Wato surar gonakinmu da garuruwanmu ta zamanin kakanninmu tana ajiye a wata ƙasa.

3. Yadda aikin ya koma na manhaja

A duk tsawon wannan zamani, awo da hoto aiki ne na gwamnatoci, domin yana bukatar jirgi, da kyamara ta musamman, da ƙwararren ma'aikaci wanda zai zauna ya gane cewa wannan ɗigo da ke hoton farko shi ne wancan da ke hoto na biyu. Abin da ya karya wannan shinge shi ne koya wa kwamfuta ta yi wannan ganewa da kanta. A 1999 David Lowe na wata jami'a a Kanada ya fito da hanyar da kwamfuta za ta tsinci dubban alamomi a cikin hoto, kamar kusurwar taga ko tsaguwar dutse, ta kuma sake gane su a wani hoton, ko da an ɗauke shi daga nesa ko a karkace.

Matakan aikin guda huɗu ne. Na farko, manhaja ta tsinci alamomin kowane hoto. Na biyu, ta gwama hotunan bibbiyu ta ga waɗanda suka yi tarayya a alamomi. Na uku, ta yi lissafin inda mai kyamara ya tsaya da inda ya fuskanta sa'ad da ya ɗauki kowane hoto, tare da matsayin kowace alama a sarari, tana gyara lissafin gaba ɗaya har kuskuren ya ragu. Na huɗu, ta cike tsakanin ɗigogin ta yi musu fata, ta shafa launin hotunan a kai. Abin lura shi ne ba a bukatar a gaya mata inda aka tsaya. Daga hotunan take gano shi.

A 2006 Noah Snavely da Steven Seitz na Jami'ar Washington, tare da Richard Szeliski na kamfanin Microsoft, suka nuna cewa ana iya yin wannan da hotunan 'yan yawon buɗe ido waɗanda ba su san juna ba. Daga aikinsu aka gina manhajar Photosynth, wadda aka buɗe wa jama'a a watan Agusta 2008. A 2009 masu bincike na wannan jami'a suka sarrafa hoto 150,000 na birnin Rum da aka kwaso daga intanet, suka fitar da siffar manyan gine-ginensa cikin ƙasa da kwana ɗaya. A yau akwai manhajoji na kyauta irin su COLMAP da Meshroom da OpenDroneMap, waɗanda ɗalibi zai iya sa wa a kwamfutarsa.

Duniya ta gane darajar wannan fasaha ne ta hanyar hasara. Bayan an rusa manyan gumakan Bamiyan na Afganistan a watan Maris 2001, Armin Gruen da abokan aikinsa a birnin Zurik suka sake fitar da siffar babban a kwamfuta, kuma mafi ingancin abin da suka dogara da shi hotunan awo ne guda uku da wani malamin Ostiriya ya ɗauka a 1970. A 2015, bayan ɓarnar gidan tarihi na Mosul, an yi kira ga duk mai tsohon hoton kayan ya aiko. A Afirka kuwa, shirin Zamani na Jami'ar Kef Tawun, wanda Heinz Rüther ya jagoranta, ya auna wurare irin su Jenne da Tumbutu da Lalibela. A nan gida an yi irin wannan aiki a kan sassaƙaƙƙun duwatsun Bakor na Jihar Kuros Riba.

4. Abin da ke ƙasa a Ƙanƙara, Faskari da Sabuwa

Yanzu bari mu dawo yankinmu. Wannan ƙasa ce ta laka da ruwan sama mai yawa, kimanin milimita 1,000 a shekara, mai manyan duwatsu da suka taso ɗaiɗai a tsakiyar fili. Daga tudun da ke kewayen Funtuwa kogin Sakkwato ya samo asali. Marigayi Dokta Yusufu Bala Usman, a cikin littafinsa kan tarihin Katsina daga 1400 zuwa 1883 wanda aka buga a 1981, ya nuna cewa gindin irin waɗannan duwatsu na daga cikin wuraren da al'umma ta fara kafuwa, saboda ruwa da tsaro da kuma tsafin da aka danganta da su. Sunayen sarautun yankin ma shaida ne. Hakimin Ƙanƙara Sarkin Pauwa ne, kuma Pauwa tsohon gari ne. Sarautar Kogo tana tuna mana da Birnin Kogo. Can yamma kaɗan, kusa da Tsafe a Jihar Zamfara ta yau, akwai 'Yandoto, garin malamai wanda Muhammadu Bello ya ci a shekarun farko na jihadi. A ƙarni na 19 hare-haren Katsinawan Maraɗi sun sa mutane suka riƙa tattaruwa cikin ganuwa da kan duwatsu. Da aka shiga ƙarni na 20, auduga da hanyar mota da layin dogon da ya kai Ƙaurar Namoda a 1929 suka janyo jama'a zuwa bakin hanya, aka bar tsofaffin mazaunai suka zama kufai. Gonar irin auduga ta Daudawa a ƙasar Faskari ita ma wani babi ne na wannan tarihi.

Duk waɗannan zamunna sun bar alama: gindin ganuwa, gwalalo, turakun dutse na gindin rumbu, ramukan niƙa a kan falale, marina, tarin kashin tama inda aka yi ƙira, tsofaffin masallatai da zauruka masu bakan gizo. Kusan dukansu na ƙasa ne, kuma ginin ƙasa yana rayuwa ne da yaɓe. In aka yi damina uku ko huɗu ba a taɓa soro ba, indararo ya toshe, ruwa ya kwanta, azara ta ruɓe, rufin ya rufta.

A nan ne matsalar zamaninmu ta shigo. Kowa ya san halin da 'yan bindiga suka jefa wannan yanki. Ranar 11 ga Disamba 2020 aka kwashe ɗalibai fiye da 300 daga Makarantar Sakandaren Kimiyya ta Ƙanƙara. A watan Satumba 2021 aka rufe layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar, har da waɗannan uku, sai a ƙarshen shekarar aka buɗe. Ƙauyuka da dama sun tashi a waɗannan shekaru, kuma ƙauyen da ya tashi babu mai yaɓe masallacinsa. Dajin Kogo, wanda gwamnatin tarayya ta amince a 2020 ya shiga jerin sababbin gandayen daji na ƙasa, ya kasance wurin da masu bincike suka daɗe ba su iya shiga. Hasarar rai ita ce babba, babu mai musun wannan. Amma bayanta akwai hasara ta biyu, wato yaron da ya girma a Funtuwa ko Katsina a gudun hijira, ya koma bai sami ko gindin zauren kakansa ba.

5. Abin da za a iya yi, da iyakarsa

Ginin ƙasa da dutse sun dace da wannan fasaha ƙwarai. Manhaja tana son bango mai kaushi da zane, irin yaɓen makuba da sawun yatsun magini, domin nan take samun alamomi. Abin da ke rikita ta shi ne bango mai santsi da farin fenti, da ruwa, da gilashi, da ganyen da iska ke kaɗawa. Mai ɗaukar hoto zai kewaya ginin a hankali, yana matsa taki ɗaya ko biyu tsakanin hoto da hoto, kowane hoto ya maimaita fiye da rabin na baya, ya guji tsakar rana mai kaifin inuwa. Tilas kuma ya ajiye sanda mai sanannen tsawo a jikin ginin, domin hoto kaɗai yana ba da siffa, ba ya ba da girma. Ba tare da sandar ba, manhaja ba ta bambance rumbu da tukunya.

Ga ma'aikacin gwamnati amfanin ya wuce tarihi. Kwazazzabon da ke cin gona, in an ɗauke shi bana aka sake ɗauka baɗi, za a san yawan ƙasar da ruwa ya tafi da ita. Ramin haƙar farar ƙasa ta Ƙanƙara ana iya auna abin da aka ɗiba daga cikinsa. Gada ko ajin makaranta da aka ce an gyara, siffarsa kafin aiki da bayan aiki hujja ce da ta fi rahoton takarda.

Sai dai akwai sharuɗɗa uku. Na farko shi ne tsaro. Bai halatta malami ya tura ɗalibi inda za a sace shi saboda hoto ba. A fara da abin da ke cikin garuruwa, a horar da 'yan garin da kansu, a kuma tattara tsofaffin hotunan da ke hannun iyalai da masu ɗaukar hoton biki, domin darasin Bamiyan ya nuna cewa tsohon hoto ma yana aiki. Jirgi marar matuƙi kuwa yana bukatar izinin hukuma, kuma a yankin da ake faɗa tashinsa yana iya jawo fitina.

Na biyu shi ne sirri. Siffar da ta nuna ƙofofin gari da lungunansa tana iya amfanar mai mugun nufi. Haka nan bayyana ainihin wurin kufai yana kiran masu haƙar sata, kuma an riga an ga yadda aka yi safarar gumakan yumɓu na yankin Katsina da Sakkwato zuwa kasuwannin Turai, har Majalisar Gidajen Tarihi ta Duniya ta sa su a jerin kayan da ke cikin haɗari a shekarar 2000. Cikin gida ma yana da hurumi. Ba a shiga da kyamara sai da yardar mai gida da sanin mai unguwa.

Na uku shi ne ajiya. Kamfanin Microsoft ya rufe Photosynth a watan Fabrairu 2017, kuma wanda bai sauke aikinsa kafin ranar ba ya rasa damar kallonsa a can. Saboda haka abin da ya kamata a adana shi ne hotunan ainihi, kowanne da kwanan wata da sunan wuri da bayanin dattawan da suka san shi, domin manhaja tana tsufa, amma da hotunan ana iya sake fitar da siffar da wata sabuwa. A ajiye kwafi a wuri fiye da ɗaya: Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jihar Katsina, da Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa, da Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma, da Gidan Arewa na Kaduna, tare da sanin Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa wadda dokar 1979 ta ɗora wa alhakin kayan tarihi. Kwafi ɗaya kuma ya koma hannun hakimin ƙasar.

Kammalawa

Muna da abin koyi a gida. Z. R. Dmochowski, maginin nan ɗan Folan, tare da ma'aikatansa 'yan Nijeriya, sun yi shekaru suna auna gine-ginen gargajiya da tef da fensir, kuma da irin wannan awo aka gina kwafin Masallacin Juma'a na Zariya, aikin Babban Gwani Mika'ilu, a gidan tarihi na Jos. Abin da ya ɗauke su makonni, a yau ɗalibi biyu da waya da sandar awo za su tattara shi cikin yini. Siffar kwamfuta ba ta maye gurbin gini, kuma ba ta maye gurbin magini da ya san yadda ake kwaɓa ƙasa da ɗora tubali. Amfaninta shi ne ranar da aka tashi gyara, a sami ma'auni sahihi da za a miƙa wa maginin.

Shawarata ga sassan tarihi da labarin ƙasa da safiyo ita ce su haɗa kai da ƙananan hukumomin Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa, a rubuta jerin tsofaffin masallatai da zauruka da ragowar ganuwa da ake iya kaiwa gare su lafiya, a fara ɗaukarsu a cikin rani, waɗanda suka fi lalacewa su ne a gaba. A kuma nemi kwafin tsofaffin hotunan sama na yankin daga inda suke ajiye, a gwama su da na yau.

 Allah Ya zaunar da ƙasarmu lafiya.